Illo Ya Zo da Igiya

Sau uku Illo yana zuwa rugar Manu da igiya a hannu wai ya zo karɓar karsanarsa, sau uku kuma yana komawa Dumega da igiyarsa a naɗe. Wani zai ce ai shi ke nan, tunda bai tafi da ita ba. Manu bai ga shi ke nan ba. Shi mutum ne da in saniya ta ƙi ɗanta zai wuni tsugune yana kallonta, ba magani yake nema ba tukuna, dalili yake son sani. Matarsa Hawwa'u takan ce da tambaya noma ce, da rumbunsu ya fi na kowa a ƙasar Tibiri.

Karsanar, Wule mai farin goshi, habbanaye ce. Wanda bai san abin ba ya ji: mutum ya zaɓi karsana cikin dukiyarsa ya kai wa wanda yake ƙauna, ta zauna hannunsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama na mai riƙo, sannan uwar ta koma gida. Zumunci ne mai ƙafa huɗu. Wanda kuwa ya janye tasa kafin lokaci ya yanke abota ke nan a bainar jama'a, kuma irin wannan ba ta ɗinkuwa. Ba mai sake haɗa ko tunkiya da shi.

Illo kuwa ba shi da sauran wata ƙofa in ba ta Manu ba. Ya ɓata da kawunnansa, aure biyu ya mutu a hannunsa. Ya yi kiwo ya bari, ya yi shayi a tasha ya bari, ya tafi biɗar kuɗi Kwatano ya dawo bayan wata biyu, yanzu kabu-kabu yake yi da babur tsakanin Dumega da Kore Mairuwa. Kowace sana'a ya kama sai ya rantse don ita aka halicce shi.

Haɗuwarsu ma ba wani abu ba ce. Babur ne ya mace masa kusa da ruga da tsakar rana, Manu ya ba shi inuwa da fura da nono. Bayan kwana goma sha biyu sai ga shi yana janye da Wule, wadda ta fi kyau cikin shanu huɗun da suka rage masa na gado, yana cewa tunda aka haife shi bai ga mutum irin Manu ba. Hawwa'u ta leƙo, ta koma, ta ce wa mijinta, "Maigida, wagga wutar kara ta."

Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi duka ba. Ranar da maciji ya sari Baffa, ƙanen mahaifin Manu kuma babban rugar, Illo ne ya goya shi a babur cikin taɓo har asibitin Tibiri, ya zauna kansa kwana uku. In ya zauna shan shayi yana kwaikwayon dillalan shanu, har tsofaffi sai sun riƙe ciki. Manu yana son sa, so na gaskiya, ko da yake bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba.

Zuwan farko da igiya, abin da ya jawo shi bai taka kara ya karya ba. Sun haɗu a kasuwar Kore Mairuwa Manu yana tsakiyar ciniki, ya ɗaga masa hannu ya ci gaba da magana. Na biyu, wayar Manu ce ta kwana biyu babu caji. Na uku, an yi suna a ruga, aka ba Illo kason nama daidai da na kowa. A kowane zuwa idonsa jawur, ɗan'uwa ya koma "Malam Manu", kuma Manun nan da ba irinsa a duniya ya zama munafuki tun asali.

Shi kuma Manu sai ya yi abin da aka koya masa tun yana bin maruƙa. Bafillace ba ya roƙo, ba ya barin fuskarsa ta tona cikinsa, ba ya hana mai abu abinsa. Sai ya tashi a natse, ya kwance Wule da hannunsa, ya ce, "Ga ta nan, dukiyarka ta." Yana ganin ya kai ƙarshen mutunci, bai san fami yake yi ba. Illo sai ya tsaya kamar wanda aka mara, ya juya ya hau babur ya fizge shi. Bayan kwana biyu ya dawo da sukari da ganyen shayi, yana kuka, yana kiran kansa kare. A dawowa ta uku ce Manu ya lura da tabon ƙuna a jere a damtsensa, irin wanda babur ba ya yi.

Wannan tabon ya hana Manu sakat. Ya jira wata rana da Illo yake cikin daɗin rai, an zuba shayi na biyu, ya ce, "Illo, ina da tambaya. Abin ga da ka shiga gare ka, mi ne ne shi? Daga ina yaka hwarawa, daga kai ko daga ciki?"

Illo ya daɗe yana juya kofi. "An ce doguwa ta. An kai ni ga 'yan bori, na sha rubutu har hanjina ya yi baƙi. Yanzu wata shida ke nan ina zuwa Dutsi wurin wata Madam. Jibi ina da randebu, ranar da ta sa mini in koma. In kana son ka sani, mu tahi ka tambaye ta da kanka. Ni na gaji da ba mutane labarin da ban gane ba."

Haka Manu ya bar shanu hannun ƙannensa ya hau bayan babur sai Dogon Dutsi. Madam Mariama ma'aikaciyar jinya ce da ta yi karatun ciwon ƙwaƙwalwa a Yamai, gajera, mai yawan shiru. Ɗakinta a can ƙuryar asibiti yake, benci ɗaya da kujeru biyu. Kafin ta ce uffan sai da ta dubi Illo ta ce, "Ka yarda in yi magana gabanai?" Illo ya ce ya yarda.

Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci: "Trouble de la personnalité borderline." Manu ya gwada maimaitawa, harshensa ya ƙi. Ya ce, "Da Hausa hwa?"

"Ba mu raɗa mai suna ba tukun. Amma muna da masu shi, maza da mata, cikin kowane gari. Ba hauka na ba, ba iska ta ba, kuma ba rashin tarbiyya na ba." Ta ɗan gyara zama. "Malam Manu, ruwan sama guda, in ya sauka ga jigawa, mi yaka yi?"

"Ƙasa ta shanye shi."

"In ya sauka ga hwaƙo hwa?"

"Gudu yaka yi, ya kwashe abin da ya iske."

"To zuciyarka jigawa ta, tasa hwaƙo. Abin da zai ɗan sosa maka rai ka manta, shi ambaliya yaka zame mai. Murna ma haka. Kuma abin da ya hi tada ruwan shi na tsoron a bar shi. In ya ga alamar za a tahi a bar shi, ko alamar ba ta gaskiya ba ce, jikinai duka ya yarda an riga an tahi."

Manu ya matso gaba, don an zo inda yake so. Ya tambaya ko gado ake yi. Ta ce wasu da zuciya mai zafi ake haihuwarsu, wasu abin da ya same su da ƙuruciya ne, yawanci kuma biyun ne suke haɗuwa. Illo ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, shi kam kafin ya shekara goma ruga biyar ya zauna bayan rasuwar uwarsa, kuma ba a taɓa gaya masa ranar da za a mai da shi wata ba, sai dai ya ga an ɗaure masa tsummansa. Manu ya tambaya ko akwai allura. Ta ce babu ƙwayar da ke cire shi, aiki ne irin na masu gina ramukan rabin wata don tare ruwa a kan faƙo: rami bayan rami, har ruwan ya koyi tsayawa. Ta ce da yawa cikin masu shi, in sun dage, shekaru suna kawo musu sauƙi sosai.

Sai ta juya wurin Illo. "Gaya mai abin da kaka gani in ya kwance maka karsana."

Illo ya ce, "Ina ganin ya samu abin da yaka nema. Wanda ka son ka ba ya miƙo maka igiya da sauri haka. Ko 'don Allah' ba ya cewa."

Manu ya saki baki. "Ni? Duk randa ka zo, kwana biyu tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro! Tambayi Hawwa'u!"

"Ƙaƙa za ni sani? Huskarka kamar ta mai kallon kasuwa."

Nan Manu ya ji kamar wanda ya shekara yana neman ɓatacciyar akuya ashe tana bayan ɗaki. Abin da ya ɗauka girmamawa ce, shi ne ke korar mutumin. Mamaki ya fi baƙin ciki yawa a ransa, har ya ji yana son ya sake tambaya, amma Madam Mariama ta riga shi. Ta ce kada ya ɗauka shi ne likitan Illo. Illo yana da nasa aikin da suka daɗe suna koyo: in abin ya taso, kada ya hau babur, kada ya ji wa jikinsa ciwo, ya zuba wa fuskarsa ruwan sanyi, kuma kada ya yanke wata shawara sai salla biyu sun wuce. Na Manu kaɗan ne: ya faɗi abin da ke ransa da baki, in zai yi tafiya ya faɗi ranar tafiya da ta dawowa, in kuma an zage shi kada ya shanye, ya ce bai yarda ba.

A hanyar komawa Manu yana ta jinjina abin. Ta ce kaɗan ne. Lalle Madam ba ta taɓa zama a ruga ba.

Damina ta faɗi, gero ya fara tsiro, lokacin da shanu za su bar gonakin mutane su hau can bayan Dogon Kiriya ya yi. A gidan su Manu kuwa ba a faɗin ranar tashi. Baffa ne ke sa ta, ya gaya wa magidanta a kunne, saboda baki da ido da ɓarayin hanya. Tun kakanni haka ake yi, maƙwabci sai dai ya wayi gari ya ga kufai. Manu ya yi niyyar gaya wa Illo, Allah ya sani ya yi. Sau biyu suna shan shayi maganar tana zuwa masa har leɓe tana komawa. Yau ne, gobe ne, har ranar ta zo bai faɗa ba. Illo a bakin wata mai sayen man shanu ya ji cewa matan rugar suna wanke ƙore suna ɗaure kaya.

Da hantsi ya iso, an gama ɗora wa jakuna kaya, shanu sun miƙe suna kuka, surukai da yara da kowa yana tsaye. Ya jefar da babur ko kafa shi bai yi ba, igiya a hannu.

"Malam Manu! Ashe gudu za ka yi? Ka kai ni gaban Madam ka ji asirina, ka dawo kana dariya! Munahuki ɗan munahuki! Ba ni karsanata!"

Baffa ya dogara sandarsa ya ce a hankali, "Manu, ba shi abinai mu kama hanya." Kowa ya san in Wule ta fita yau gaban wannan taro, an gama. Manu ya ga ƙafafunsa sun kai shi turke da kansu, hannunsa har ya kama ƙullin. Fuskarsa ta riga ta daskare yadda ta saba. Sai ya ɗago ya dubi Illo, dubawa irin wadda yake yi wa saniya mai ciwo, ya ga abin da ya kasa gani sau uku: mutumin ba karsanar yake kallo ba, hannun da ke kan ƙullin yake kallo, kuma a tsorace yake.

Manu ya saki ƙullin ya miƙe.

"Ba ni badawa."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi."

"Ba a hana mai abu abinai, Manu," in ji Baffa, muryarsa ta yi kauri.

"Baffa, ka gahwarce ni, yau za ni hana." Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ga surukansa suna ji, amma ya ci gaba, da ƙarfi kuma, don bai iya faɗin irin wannan a hankali ba. "Illo, na yi laihi. Ya kamata in hwaɗa maka, bakina ya yi nauyi. Yau muka tashi. Ban gaji da kai ba. In ka tahi da karsanar ga, raina zai ɓaci ɓacin da ban san ranar gyaruwatai ba. Ina son ka, ka ji na hwaɗi gaban kowa. Amma ubana da ka zaga yana kabari, ban yarda ba, sai ka janye."

Hawwa'u ta ja mayafi ta rufe fuska. Samari suka sunkuyar da kai suna duban ƙasa, kamar an tuɓe babban mutum a gabansu.

"Kasuwar Kore Mairuwa ta hwarko bayan Mauludi," in ji Manu, "za ni sauko da ƙahwata in iske ka wurin masu shayi, ko shanu sun sauko ko ba su sauko ba."

Baffa ya juya baya. Makiyayi ya sa wa kansa rana, da bakinsa, a fili! Ya ɗaga sanda, garke ya motsa.

Kada wani ya zaci Illo ya faɗa jikin Manu suka rungume. Jijiyoyin wuyansa a tashe suke, numfashinsa yana fita da ƙyar, ya ɗaga igiyar har Manu ya zaci duka ne. Sai ya ce, haƙoransa a cije, "Ba ni cewa komi sai na ga la'asar." Ya tafi wurin salkar da ke rataye jikin jakin ƙarshe, ya kwarara wa kansa ruwa, ya je gindin wata aduwa ya zauna ya juya wa duniya baya.

Garke ba ya jiran la'asar. Manu ya ce wa Hawwa'u su tafi zai cim musu. Ta sauke masa ƙwaryar fura ta bi jakuna. Kufan ya rage daga shi sai Wule a turke tana kukan 'yan'uwanta, sai Illo a gindin aduwa.

Manu ya zauna nesa kaɗan, kuma da yake hali zanen dutse ne, sai ya shiga kallo. Ya ga kafaɗun Illo suna rawa har rana ta take tsaka. Ya ga sau biyu ya miƙe ya nufi babur, ya tsaya, ya dawo. Ya ga ya danƙe damtsensa da hannu ɗaya yana matsawa, sannan ya saki. Manu ya taɓa kokawa da bijimi mai shekara huɗu, amma bai taɓa ganin mutum yana aiki mai wuya irin wannan a zaune ba. Azahar kowa ya yi tasa. La'asar kuwa, Manu ya tayar, yana cikin raka'a ta biyu ya ji an tsaya a damarsa.

Bayan sallama Illo ya ce, muryarsa ta dushe, "Na janye abin da na ce ma ubanka. Allah ya jiƙan shi."

"Amin."

"Abin ya sauka. Amma zai dawo, ka sani."

"Na sani. Mi yaka kama da shi, in yana sauka?"

Illo ya yi 'yar dariya ta gajiya. "Kai dai da tambaya. Kamar zazzaɓi ya sake ka, sai kunya ta kama ka." Ya sa Manu ya maimaita ranar, ya rubuta ta a waya, ya karanta masa, ya sake karantawa. Sannan ya tashi ya kwance Wule, ya riƙe ta a wuya bai saki ba.

"Ko yanzu da kaka hwaɗi, rabin zuciyata cewa taka yi ƙarya kake, ba za ka zo ba."

"Ɗaya rabin hwa?"

"Ita ta ce in sake ka ka tahi."

Ya buɗe hannunsa. Wule ta zabura ta bi sawun garke, Manu ya ɗauki sandarsa ya bi ta da sauri, don akwai tafiya a gabansa kafin ya cim ma mutanensa, kuma akwai Baffa da zai fuskanta in ya isa.